Daga Kiran Ciroma Zuwa Ƙwaƙwalwa: Tarihin Binciken Yunwa, Ƙoshi da Ƙishirwa



Duk wanda ya saba karanta littattafanmu na hikaya ya san yadda yunwa ke shigowa labari. Jaruma ta wuni tana kuka, can da la'asar sai ta ji cikinta na kiran ciroma, sai ta tuna rabonta da abinci tun jiya. Ta shiga kicin ta zubo, ta ci ta ƙoshi, ta kora da ruwa. Shi ke nan. Mu ma mun rubuta haka, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. A ƙarƙashin waɗannan jimloli akwai wata fahimta da muka gada ba mu taɓa tuhumar ta ba: ciki ya yi wayam sai ya yi kira, mutum ya ci daidai kiran, ciki ya cika sai ya tsame hannu, baki ya bushe sai ya sha ruwa.

Likitocin Turai da Amurka ma da wannan fahimta suka fara. Sun kwashe kusan shekara 200 suna gwada ta, suka tarar gaskiya ce amma rabi. Abin da baligi ke ji a jikinsa da abin da yake kaiwa baki suna da alaƙa, sai dai igiyar da ta haɗa su sako-sako ce. Yadda aka gano haka muke so mu bi yau, don akwai abin da zai gyara mana alƙalami a ciki.

MUTUMIN DA CIKINSA KE DA TAGA

A ranar 6 ga Yunin 1822, a tsibirin Mackinac da ke arewacin Michigan a Amurka, bindiga ta tashi bisa kuskure a wani kantin fatake masu cinikin fatu. Harbin ya sami wani matashi ɗan Kanada mai suna Alexis St. Martin a gefen hagu, ƙasa da ƙirji. Likitan sojan da ke barikin tsibirin, William Beaumont, bai sa ran zai kai labari ba. Da sauran kwanansa a gaba, ya tashi. Amma da raunin ya warke sai ya bar rami mai kaiwa har cikin tumbi.

Daga 1825 zuwa 1833 Beaumont ya yi gwaji sama da 200 ta wannan rami. Yakan ɗaure yankan nama da zaren siliki ya zura, bayan ɗan lokaci ya jawo ya duba inda narkewa ta kai. Gwajin da ya shafe mu shi ne na ranar da ya bar St. Martin bai ci komai ba tun karin kumallo har la'asar, sannan ya zura masa ɗan dafaffen naman sa ta ramin, bai bi ta baki ba. Nan take yunwar ta lafa, ƙugin cikin ma ya tsaya. Ya fitar da littafinsa a 1833, kuma abin da masu karatu suka ɗauka a fili yake: gidan yunwa tumbi ne. Shi kuwa St. Martin, talaka ne da bai iya karatu ba, ya sha gudu ya koma Kanada don ya gaji da zama abin gwaji. Beaumont ya mutu a 1853, mai ramin ya rayu har 1880.

Bayan shekara 79 da fitar littafin, a 1912, Walter Cannon na jami'ar Harvard ya so ya auna abin da ma'auni. Ɗalibinsa Washburn ya koya wa kansa haɗiye balan-balan mai haɗe da siririn tiyo. In ta sauka tumbi sai a ɗan hura ta, duk motsin da tumbin ya yi sai wani allura ya zana shi a jikin ganga mai juyawa. An ba Washburn maɓalli, duk sa'ad da ya ji cizon yunwa ya danna. Da aka jera zanen biyu sai aka ga dannawarsa na tafiya tare da matsewar tumbi. Cannon ya yanke cewa yunwa matsewar tumbi ce in ba komai a cikinsa. Wato kiran ciromanmu ya samu shaidar jami'a.

Shaidar ba ta daɗe ba ta fara tsagewa. Likitocin fiɗa sun riƙa cire wa masu ciwon daji tumbi gaba ɗaya, marasa lafiyar suka warke suka ci gaba da cewa suna jin yunwa. An cire wa ɓeraye tumbi, an yanke wa dabbobi jijiyar da ke kai saƙo daga ciki zuwa ƙwaƙwalwa, duk ba su daina neman abinci ba. Ciki yana kira, gaskiya ne. Amma ko an ɗauke mai kiran, yunwa na zuwa.

BUSHEWAR BAKI

Cannon ya yi wa ƙishirwa irin wannan bayani a 1918. Ya ce in ruwan jiki ya ragu sai yawu ya ragu, baki da maƙoshi su bushe, bushewar ita ce ƙishirwa. Alhali tun tsakiyar ƙarni na 19 Claude Bernard na Faransa ya yi gwajin da ya kamata ya sa a yi taka-tsantsan. Ya huda wa dabba hanyar da abinci ke bi, ta yadda duk ruwan da ta sha zai zube waje. Dabbar ta yi ta sha har ta gaji, ta huta ta koma. Bakinta jiƙe sharkaf, ƙishirwa na nan daram.

A farkon shekarun 1950 wani likitan dabbobi ɗan Suwidin, Bengt Andersson, ya nuna inda abin yake. Ya ɗauki awakin da suka sha ruwa suka ƙoshi, ya ɗiga musu ɗan ruwan gishiri a wani ƙaramin sashe na ƙasan ƙwaƙwalwa da ake kira haifotalamos. Cikin ɗan lokaci awakin suka koma kan bokiti suka yi ta sha kamar waɗanda suka fito daga hamada. A wannan yanki akwai ƙwayoyin da ke ɗanɗana kaurin gishirin jini, in ya yi yawa su tayar da ƙishirwa.

To ko mutum yana shan daidai abin da jikinsa ya rasa? Wannan tambaya ta taso wa sojan Amurka a yaƙin duniya na biyu, da suka ga za su yi faɗa a hamadar arewacin Afirka. Edward Adolph na jami'ar Rochester ya bi sojoji zuwa hamadar California yana auna nauyinsu da gumin da suke zubarwa. Ya tarar ko da ruwa na rataye a kafaɗarsu, ba sa shan abin da zai mayar da wanda ya fita. Sukan tsaya tun jiki bai biya bashi ba, sai an zauna cin abinci suke cike gurbin. Littafinsa ya fito a 1947. Manomin da ke huɗa a zafin rana, ko mai tura kurar ruwa a watan Afrilu, halin da yake ciki ke nan: ƙishirwarsa ta lafa, jikinsa yana bin sa bashi.

MAZA 36 A MINNESOTA

A ƙarshen 1944 an san cewa in yaƙi ya ƙare za a tarar da miliyoyin mutane cikin yunwa a Turai, kuma ba wanda ya san yadda ya kamata a farfaɗo da su. Ancel Keys na jami'ar Minnesota ya nemi 'yan sa-kai daga cikin samarin da suka ƙi ɗaukar makami saboda aƙidarsu. Ya zaɓi 36, lafiyayyu. Mako 12 na farko suna cin kimanin kalori 3,200 a rana. Daga nan aka rage abincin kusan rabi har tsawon mako 24, yawanci dankalin turawa da burodi da makaroni da wasu saiwoyi, irin cimar Turai ta lokacin yaƙi. Kowane mako kuma sai sun taka kimanin kilomita 35 a ƙasa. Sun zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu.

Abin da aka rubuta game da halinsu ya cancanci kowane marubuci ya san shi. Mazan da ba su taɓa kula da girki ba suka koma tara littattafan girke-girke suna karantawa da dare. Wasu suka fara sayen cokula da tukwanen da ba su da abin dafawa a ciki. Sukan zuba wa abinci ruwa don ya yi yawa a ido, su ɗauki awa biyu suna tsakurar abin da da can suke cinyewa cikin minti kaɗan, su lashe faranti ba kunya. Sun riƙa ɗirkar ruwa da kofi da tauna cingam don su ruɗi ciki, har sai da aka ƙayyade musu. Sanyi ya riƙa kama su a tsakiyar lokacin zafi. Sha'awar mata ta mutu, raha ta ƙare, abu kaɗan sai faɗa. A makonnin farko na farfaɗowa ɗaya daga cikinsu ya datse yatsunsa uku da gatari, ya kasa faɗin ko da gangan ya yi.

Abin mamakin yana ƙarshe. Da aka saki 12 daga cikinsu su ci yadda suke so, sai suka riƙa cin kimanin kalori 5,000 a rana, wata rana har ya haura 10,000. Mutum ya ci har cikinsa ya ɗaure ya kasa ƙara loma, kuma ya ce yunwa yake ji. Watanni aka yi kafin abin ya daidaita. Keys da abokan aikinsa sun fitar da sakamakon a 1950 cikin manyan mujalladai biyu. Ga mai ganin yunwa rami ce, ƙoshi kuma cikar ramin, wannan ba shi da bayani. Cikar ciki daban, ƙoshi daban, kuma suna iya zama a jiki ɗaya a lokaci ɗaya suna jayayya.

'YAN AIKEN CIKIN JINI

A daidai wannan zamani wasu na binciken ƙwaƙwalwa. A 1940 Hetherington da Ranson suka lalata wani gurbi a tsakiyar haifotalamos na ɓeraye, ɓerayen suka yi ƙiba mai ban tsoro. A 1951 Anand, ɗan Indiya, da Brobeck a jami'ar Yale suka lalata gefen wurin, ɓeraye suka daina ci har su mutu ga abinci a gabansu. Aka ce an gano cibiyar ƙoshi da cibiyar yunwa. Daga baya aka ga wannan ma ya yi sauƙi da yawa, domin hanyoyin jijiya masu yawa ne ke ratsa wurin. Tambayar da ta rage ita ce: wa ke kai wa ƙwaƙwalwa labarin abin da ke rumbun jiki?

A 1953 Gordon Kennedy na Ingila ya ce tilas kitse yana da ɗan aikensa a jini. Douglas Coleman, a wani ɗakin bincike a jihar Maine, ya ɗinke ɓeraye biyu-biyu ta yadda jininsu zai gauraya. Ɓera mai ƙiba ta gado, da aka haɗa shi da lafiyayye, sai ya rage ci ya fara ramewa. Wato akwai abin da jinin lafiyayyen ke ɗauke da shi wanda mai ƙibar ya rasa. Sai a 1994 Jeffrey Friedman na jami'ar Rockefeller ya gano ko mene ne, aka raɗa masa suna leftin. Kitse ne ke fitar da shi. In kitse ya ragu shi ma ya ragu, ƙwaƙwalwa ta ɗauka fari ya zo, ta buɗe ƙofar yunwa. Da wannan aka samu babban ɓangare na bayanin mazan Minnesota: tumbi ya cika, rumbu kuwa har yanzu wayam. An yi zaton an samu maganin ƙiba, sai aka tarar yawancin masu ƙiba leftin ɗinsu yawa ma ya yi, ƙwaƙwalwar ce ba ta sauraren sa yadda ya kamata.

Hanji ma yana da nasa 'yan aiken, masu cewa a dakata. An nuna aikin ɗaya daga cikinsu a 1973, kuma alluran rage ƙiba irin su Ozempic da ake ta magana a kansu yanzu kwaikwayon wani ne daga cikinsu. A 1999 kuma Kojima da Kangawa a Jafan suka gano girelin, wanda tumbi ke fitarwa. Yana hawa kafin cin abinci, ya sauka bayan an ci. Ashe Cannon bai yi kuskure gaba ɗaya ba, tumbi yana da murya. Sai dai an ga girelin yana bin lokutan da mutum ya saba cin abinci. Wanda ya saba cin rana da ƙarfe biyu, kusa da biyu nasa ke tashi. Ana iya cewa jiki yana koyon agogo. Mai azumi ya san haka a jikinsa: yunwa takan taso a lokacin da aka saba ci, ta matsa, sannan ta lafa ba tare da an sa komai a baki ba.

FARANTI, JAMA'A DA TUNAWA

Daga shekarun 1980 masu bincike suka fito daga cikin jini suka dubi teburin cin abinci. Barbara Rolls, tana Oxford a 1981, ta nuna cewa in mutum ya ci abu ɗaya daɗinsa yana raguwa a bakinsa, amma da an kawo wani daban sai sha'awa ta dawo, don haka yawan kala yana ƙara yawan ci. Sai da suka ƙirƙiro wa abin dogon suna. Mu kuwa tuni muna da kalma ɗaya: ginsa. Wanda naman Sallah ya ginsa ya ture kwano, a kawo masa fura mai sanyi a gani.

A 1999, a Pennsylvania, Rolls ta ba mata abinci iri ɗaya ta hanya uku: shinkafa da kaza kawai, shinkafa da kaza da kofin ruwa a gefe, sai kuma an zuba wannan ruwan a ciki an mayar da shi romo. Kofin ruwan bai canza komai ba. Romon ya rage abin da suka ci daga baya da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu. Ruwa ɗaya, abinci ɗaya, ƙoshi daban.

John de Castro ya sa mutane rubuta duk abin da suka ci na mako guda, da wanda suka ci tare. A 1989 ya ba da rahoton cewa abincin da aka ci cikin mutane ya fi na kaɗaici yawa da kashi 44 cikin ɗari. Paul Rozin kuma a 1998 ya gwada wasu maza biyu da ciwon ƙwaƙwalwa ya hana su riƙe abin da ya faru minti kaɗan da suka wuce. Aka ba su abincin rana suka cinye. Cikin ƙasa da rabin awa aka sake kawo wani aka ce ga abinci, suka ci. Aka kawo na uku, suka sa hannu. Ashe tuna cewa an ci yana cikin abin da ke tsayar da ci.

A 2008 da 2009 Richard Mattes da abokan aikinsa a jami'ar Purdue suka tambayi abin kai tsaye. Manya 50, kowace awa suna rubuta ƙarfin yunwarsu da ƙishirwarsu har kwana 7, tare da abin da suka ci suka sha. Alaƙar da aka samu mai rauni ce. Mutane sun ci ba sa jin yunwa, sun ji yunwa ba su ci ba, kuma yawancin abin shansu a wajen cin abinci suka sha shi. Wannan a ƙasar da abinci ke ko'ina ne, sai a riƙe hakan a zuciya. Amma darasin ya tsaya: agogo, al'ada, ido da abokan zama duk suna da hannu a kwanon.

ABIN DA YA RAGE MANA

Masu karatunmu ba baƙin yunwa ba ne. Kakanninmu sun ga ta 1913 zuwa 1914 da aka raɗa wa Kakalaba. Iyayenmu sun ga farin 1973 da 1974. Yau ma akwai gidajen da ake ɗora tukunya sau ɗaya a rana. Mazan Minnesota sun san ranar da tasu za ta ƙare, ga likitoci a kansu, duk da haka ga yadda ta mayar da su. Wanda bai san ranar ƙarewar tasa ba fa? In muka rubuta irin wannan mutum da jimla ɗaya ta kiran ciroma, mai karatun da ya ɗanɗana zai gane ba mu san abin ba.

Yunwar kwana da kwanaki a hali ake ganin ta. Magidanci ya koma mai saurin fushi. Uwa tana ƙara wa miya ruwa. Budurwa ta daina jin komai game da saurayin da take mutuwar so. Mutum yana jin sanyi ana tsakiyar bazara, yana lissafin lomar ɗan'uwansa da ido, yana jin kunyar kansa kuma ya kasa dainawa. In wadata ta zo masa, kada mu ƙosar da shi a zama ɗaya. Zai ci ya ƙara, ya ɓoye saura, ya daɗe a haka. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, jarumin da ya kwana uku bai ci ba kada mu sa shi dambe da mutum biyar.

Haka ƙoshi. Amaryar da aka kai gidan da ba ta sani ba tana iya jin yunwa ta kasa ci. Baƙon da ya ƙoshi a gidansu yana iya cinye kwano don kada ya kunyata mai masauki. Mai azumi da ya wuni yana tsara abin da zai ci, a yi kiran salla ya sha ruwa da kunu, ya ɗauki ƙosai uku ya ji ya cika, bayan asham kuma ya dawo neman tuwo. Mai ƙiba kuma mu daina mayar da shi abin dariya mai haɗama, tunda tarihin leftin ya nuna akwai abin da ya fi ƙarfin niyya a lamarin.

Harshenmu ya riga ya rarrabe abin da waɗannan masana suka sha wahalar rarrabewa. Muna da yunwa, muna da kwaɗayi, da marmari, da santi, da ginsa, da ƙoshi, kowanne da wurinsa. Aikinmu na wannan mako shi ne kowa ya rubuta sakin layi ɗaya a kan baligi mai jin yunwa ko ƙishirwa, ba tare da ya ambaci ciki ko maƙoshi ba. Mu ga wanda mai karatu zai gane halin da yake ciki tun ba a faɗa masa ba.

Allah ya ƙara mana basira, ya wadata ƙasa da abinci, ya raba mu da yunwar da ba ta da ranar ƙarewa. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.